Rigar Aro a Gaban Mai Hoto: Muhawara a Kan Baƙo da Tufafin Mutanen Biyetnam

Daga cikin al'adun da yawon buɗe ido ya haifar a wannan zamani, akwai wata wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙasar Biyetnam, har ta zama sana'a mai zaman kanta wadda jama'a masu yawa suke riƙe iyalinsu da ita. Baƙo ne zai sauka a birnin Hanoi, ko Hue, ko Hoi An, ya shiga kanti ya yi hayar tufafin gargajiya na mutanen ƙasar, ko kuwa ya sa tela ya auna shi ya ɗinka masa, sa'an nan ya ɗauki ƙwararren mai hoto ya biya shi ladan wuni ko na 'yan sa'o'i, su yi ta zaga tsofaffin unguwanni da ƙofofin fada da bakin kogi, mai hoto yana gyara masa tsayuwa yana ɗauka, har daga bisani ya koma ƙasarsu da hotunan da zai rataye a ɗaki ko ya watsa a intanet. Da yake ƙasar ta karɓi baƙi daga ƙetare kimanin miliyan 18 a shekarar 2019 kaɗai, mas'alar ta wuce a ce wasan 'yan tsiraru ne. Ta zama abin da masu hankali suka rabu biyu a kansa, waɗansu suna ganin girmamawa ce da zumunci tsakanin al'ummai, waɗansu kuwa suna ganin cin fuska ne wanda aka lulluɓe da alharini. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, saboda haka ya wajaba a saurari hujjojinsu a natse kafin a yanke hukunci.

Tufar da baƙi suka fi nema ita ce wadda ake kira ao dai. Doguwar riga ce mai tsayayyen wuya da dogon hannu, wadda take bin jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga nan sai a tsaga ta ta gefe biyu, shafi ɗaya ya zubo ta gaba, ɗaya ta baya, har kusa da idon sawu. Ba a kuwa sa ta sai a kan wando mai faɗi, domin wandon rabin tufar ne. Akan haɗa ta da malfa mai tsini wadda ake ɗinkawa da busasshen ganye a kan zobban gora, irin wadda manoman shinkafa suke kare rana da ruwa da ita. Asalin rigar yana komawa ga shekarar 1744, sa'ad da Nguyen Phuc Khoat, mai mulkin kudancin ƙasar, ya umarci talakawansa maza da mata su riƙa sa riga mai maɓalli da wando, don su bambanta da mutanen arewa. Da ƙasar ta haɗu a hannun daular Nguyen a 1802, sai Sarki Minh Mang, wanda ya yi mulki daga 1820 zuwa 1841, ya tilasta wa arewa ita ma. Rigar wancan zamani mai yalwa ce, an haɗa ta da ƙyalle biyar da maɓalli biyar, masu bayani na ƙasar kuwa sukan ce maɓallan nan suna tuna wa mai rigar halaye biyar na koyarwar Konfushiyas, watau jin ƙai, da adalci, da ladabi, da hikima, da cika alkawari. Siffarta ta yanzu ba ta fara bayyana ba sai a 1934, lokacin da wani mai zane na Hanoi, Nguyen Cat Tuong, ya buga sababbin fasaloli a jaridar Phong Hoa, ya rage mata yalwa ya shigar mata da ɗinkin Faransawa; daga baya kuma telolin Saigon suka ƙara gyara yankan hannunta a wajen shekarun 1960.

Masu goyon bayan wannan al'ada suna fara hujjarsu ne da abin da yake shi ne asasin kowace mu'amala, watau yardar mai abu. Suna cewa, da mutanen Biyetnam suna ƙyamar ganin rigarsu a jikin baƙo, da ba su da kansu ne za su buɗe kantunan haya, su auna baƙi, su nuna musu yadda ake ɓalla maɓalli, su yi ta yaba su a kan hanya ba. Ba kuwa 'yan kasuwa kaɗai ba, har hukuma ma ta nuna nata ra'ayi a fili, gama a taron ƙasashen APEC da aka yi a Hanoi a 2006, gwamnati ce ta ɗinka wa manyan baƙinta ao dai, George Bush na Amurka da Vladimir Putin na Rasha da Hu Jintao na Sin suka tsaya a jere cikinta aka ɗauke su hoto, duniya duka ta gani. Hukumomin birnin Hue kuma sun sha yafe kuɗin shiga tsohuwar fada ga matan da suka zo cikin ao dai a ranakun bikin mata. Wanda mai gida ya miƙa masa riga da hannunsa, in ji su, ba ya zama ɓarawo don ya sa ta. Hasali ma ƙin karɓa shi ne ya fi kusa da rashin ladabi.

Hujjarsu ta biyu ita ce baƙon bai ƙago kome ba, ya tarar da 'yan ƙasa ne suna yi ya bi sahu. Duk wanda ya je Hanoi gab da bikin Tet, watau sabuwar shekararsu ta lissafin wata, zai ga bakin tafkin Hoan Kiem cike da 'yan mata da samari da iyalai cikin ao dai, kowa da reshen fure a hannu da mai hotonsa a gaba. Ɗalibai masu gama karatu sukan je Van Mieu, tsohon gidan ilmin da aka gina a 1070, su ɗauki hoton sallama. In lokacin furen bado ya zo a babban tafkin da ke yammacin birnin, nan ma haka. Ango da amarya kuwa ba sa ganin biki ya cika sai da kundin hotuna. To, abin da ya halatta ga ɗan gida a bainar jama'a, mene ne zai haramta shi ga baƙo, in ba asalinsa da launin fatarsa ba? Hana mutum tufa saboda launin fatarsa kuwa ai shi ne ainihin wariyar da ake kuka da ita.

Hujja ta uku ta abinci ce, kuma ba ƙaramar hujja ba ce ga wanda ya san zafin nema. Hoi An, tsohuwar tashar jiragen ruwa wadda fataken Japan da Sin da Turai suka yi ta zuwa ciniki a ƙarni na 16 da na 17, wadda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, a yau ta shahara da telolin da za su auna mutum da safe, su kira shi gwaji da maraice, su miƙa masa rigarsa kashegari. A bayan tela kuwa akwai mai sayar da yadi, da masaƙan alharini na Van Phuc kusa da Hanoi, da masu kiwon tsutsar siliki a Bao Loc, da masu ɗinkin malfa na ƙauyen Chuong, da mai kwalliya, da mai kwale-kwale, da mai haɗa fitilun da ake ratayawa a lungu. Kowannensu yana da rabo a cikin kuɗin hoto guda. Sana'ar hannu kuwa yabo ba ya raya ta sai ciniki, domin yarinya ba za ta zauna ta gaji allurar uwarta ba muddin ta ga ba ta kawo abin sawa a baki, sai ta tashi ta tafi masana'anta. Suna kuma tunatar da mu cewa rigar ta taɓa yin rauni bayan 1975, a shekarun ƙunci, lokacin da aka yi mata kallon kayan masu hali, ba ta farfaɗo sosai ba sai bayan da aka saki kasuwa a 1986. Saboda haka duk wanda ya ƙara mata masaya ya ƙara mata kwana.

Suna rufe bayaninsu da hujjar ilmi. Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuma ya kori ji, amma sawa ta fi gani, gama matar da ta wuni cikin ao dai a zafin Hue za ta gane da jikinta dalilin tsaguwar gefe da hikimar yadi marar nauyi, za ta kuma ji yadda tsayayyen wuya yake hana ranƙwafawa, ya sa tafiya ta zama cikin natsuwa, abin da karatu ba zai ba ta ba. Bugu da ƙari, rigar da ake gudun kada aro ya ɓata ta, ita kanta da aro aka gina ta, tun da masana tarihi suna ganin tasirin Sinawa da na ƙabilar Cham a cikin tsohuwar siffarta, da na Faransawa a cikin sabuwar. Al'adar da ta sha daga kowace rijiya har ta yi ƙarfi haka, in ji su, ba jikin baƙo ne zai kashe ta ba.

Masu suka ba sa musun akasarin wannan, sai dai suna cewa an bar jaki ana dukan taiki, domin kukansu ya fi karkata ga kyamara bisa ga riga. Suna cewa kyamarar baƙo tana da tarihi a wannan ƙasa, tarihin kuwa ba mai daɗi ba ne. Tun daga 1858 da jiragen yaƙin Faransa suka far wa Da Nang, har zuwa 1954 da aka karya su a Dien Bien Phu, Turawa sun yi ta ɗaukar hotunan 'yan ƙasa suna bugawa a kan katin wasiƙa suna aikawa gida, har wani mai hoto da ya zauna a Hanoi, Pierre Dieulefils, ya yi suna da wannan sana'a a farkon ƙarni na 20. A cikin katunan wancan zamani, sau da yawa akan tsai da mace a ɗakin hoto, a shirya ta yadda idon mai saye yake so, a rubuta ƙabilarta a ƙasa ba tare da sunanta ba, kamar yadda ake yi wa tsuntsu ko tsiro. Daga nan ne aka gaji wata siffa ta matar Biyetnam, siririya, mai shiru, mai sunkuyar da kai ƙarƙashin malfa, wadda finafinan yaƙi na Amurka suka ƙara wa gishiri. To, baƙuwar da ta biya kuɗi aka tsai da ita a irin wannan tsayuwa, ko ta sani ko ba ta sani ba, wancan tsohon hoto take sake wankewa.

Suna kuma da shaidu na kusa. A watan Oktoba na 2019 wata mawaƙiyar Amurka, Kacey Musgraves, ta hau dandali a birnin Dallas cikin ao dai ba tare da wando ba, abin da ya fusata mutanen Biyetnam na gida da na ƙetare, domin rigar da 'yan makaranta suke sawa fara fat, wadda uwaye suke sawa ranar auren 'ya'yansu, an mai da ita kayan nuna tsiraici. A cikin shekarar ce kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wani kamfanin tufafi na Sin mai suna Ne-Tiger, wanda ya baje riguna masu kama da ao dai har da malfa, aka gabatar da su a matsayin salon Sinawa. Ga al'ummar da ta yi kusan shekara dubu ƙarƙashin mulkin Sin kafin ta ƙwaci kanta a 938, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Akwai kuma muryar 'ya'yan 'yan gudun hijira waɗanda suka tashi a Amurka da Faransa da Ostareliya, waɗanda aka yi wa dariya a makaranta saboda abincinsu da sunayensu da tufafin iyayensu, ga shi yau suna ganin irin masu dariyar nan suna ado da tufar ana yi musu tafi. Wanda bai ɗanɗani wulaƙancin abu ba, in ji su, ya yi gaggawar cin daɗinsa.

Hujja ta uku ta muƙami ce. Tufafin dā ba ado ne kawai ba, rubutu ne wanda ake karanta matsayin mutum a cikinsa. A fadar Hue akwai wata riga mai faffaɗan wuya mai kusurwa huɗu wadda ake kira nhat binh, ta matan gidan sarauta ce, launinta kuwa yana bin daraja, rawaya ga uwargidan sarki, ja ga gimbiya; siffar dodo mai farce biyar kuwa ta sarki ce shi kaɗai. A yau kantunan da ke kewaye da fadar suna ba da hayar irin waɗannan ga duk mai kuɗi, ya sa ya zauna a kan kujera mai kama da gadon sarauta a ɗauke shi. Mai karatu ya ƙaddara yadda zai ji in ya ga baƙo ya yi hayar alkyabba da rawani mai kunne biyu a bakin kasuwa, ya je ƙofar fada yana wasa da sandar girma don a ɗauke shi hoto. Ko da babu dokar da ya karya, zuciya ba za ta natsu da shi ba.

Hujjarsu ta huɗu, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, ta shafi ƙananan ƙabilu. Ƙasar tana da ƙabilu 54 da hukuma ta lissafa, ao dai kuwa ta ƙabilar Kinh ce, wadda ita ce mafi rinjaye da nisa, mai riƙe da mulki da kasuwa. Amma a kan duwatsun arewa, wajen Sa Pa da Ha Giang, akwai Hmong da Dao da waɗansunsu, waɗanda tufafinsu aikin watanni ne: macen Hmong ita za ta shuka wata irin rama, ta saɓe bawonta, ta murza zare, ta saƙa, ta zana ado da kakin zuma, ta yi ta tsomawa a baba har ya kama, sa'an nan ta zauna ga aikin allura. A ƙauyukan da baƙi suka fi zuwa, irin su Cat Cat, kantunan haya cike suke da kaya masu ƙyalƙyali na masana'anta, waɗanda da yawansu ba su yi kama da tufar kowace ƙabila ta wurin ba, har jaridun ƙasar sun sha kokawa da ganin masu yawo cikin shigar Tibet ko ta Mongoliya a kan duwatsun Biyetnam. Sai ya zama an yi hasara biyu, masaƙiya ba ta sayar ba, duniya kuma ta ga ƙarya ta ɗauka gaskiya ce. Mafi muni, akan ga yara ƙanana an yi musu shigar gargajiya an fito da su cikin sanyi don baƙi su ɗauki hoto su ba da 'yan kuɗi, alhali makaranta ko gado ne wurinsu a wannan lokaci.

Daga ƙarshe suna kuka da abin da neman hoto yake yi wa wurare da mutane. Haikali wurin ibadar masu shi ne, ga tsohuwa tana ƙona turare tana tuna matattunta, ga mai hoto yana roƙonta ta matsa don ta tare haske. A Hanoi akwai wani lungu da layin dogo ya ratsa tsakanin gidaje, wanda masu neman hoto suka yi wa cunkoso suna tsayawa a kan ƙarfe, har hukuma ta sa shinge ta rufe shagunan shayi na gefensa a 2019 don gudun hasarar rai. Hoton da ake fita da shi kuma yakan nuna ƙasa wadda ta tsaya cik a zamanin dā, babu kowa sai mai malfa da ɓauna da fitila, alhali wannan ƙasa ce ta biyu a duniya wajen fitar da gahawa, a masana'antunta na Bac Ninh da Thai Nguyen ake haɗa wayoyin Samsung masu ɗimbin yawa, ita ce kuma take sayen ɗanyen kashu daga Nijeriya da Gana ta sarrafa ta sayar wa duniya. Hoton da ya ɓoye rabin gaskiya, in ji su, shaidar zur ce ko da ya yi kyau.

To, idan aka ɗora waɗannan hujjoji a kan mizani, abu na farko da zai bayyana shi ne ɓangarorin nan biyu ba a kan abu guda suke jayayya ba, gama na farko suna kare sa rigar ne, na biyu kuwa suna sukar yadda ake sa ta da abin da ake yi bayan an sa. Labarin mawaƙiyar Dallas bai tabbatar da cewa baƙo ba ya sa ao dai ba. Abin da ya tabbatar shi ne wanda ya tuɓe mata wando ya tuɓe mata mutunci, mutanen da suka yi fushi da ita kuwa su ne dai suke murna da baƙuwar da ta sa ta cikakkiya. Hujjar katin wasiƙa tana da ƙarfi, amma akwai wani bambanci da bai kamata a tsallake shi ba: a wancan zamani Bature ne a bayan kyamara, 'yar ƙasa a gabanta, ba ta da ta cewa ba ta da lada; yau kuwa galibi ɗan ƙasa ne a bayan kyamara, shi ke zaɓen wuri, shi ke cewa ɗaga kai ko juya, shi ke yanke farashi, baƙo yana bin umarni yana biya. Wannan juyin ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya ce telan Hoi An da mai hoton Hue ba su san abin da ya dace da al'adarsu ba sai an faɗa musu daga waje, shi ma ya faɗa cikin irin girman kan da yake zargin waɗansu da shi.

Hujjar muƙami ita ma tana da amsa, ko da ba ta share ta duka ba. Sarauta ta ƙare a ƙasar tun 1945 da Bao Dai ya sauka daga gado, rigar nhat binh kuwa ta daɗe da fita daga fada ta shiga gidajen biki, amare suna sa ta, samarin ƙasar masu kishin tarihi kuma suna ta farfaɗo da ita tare da sauran tsofaffin tufafi. Saboda haka babu mai muƙamin da aka ƙwace wa haƙƙinsa. Abin da ya rage shi ne adabi, watau mutum ya san abin da ke jikinsa, kada ya mai da fadar da aka yi mulki aka yi makoki a cikinta wurin shashanci. Amma hujjar ƙananan ƙabilu ban ga abin da ya ture ta ba, domin a nan ne yardar mai abu, wadda ita ce ginshiƙin ɓangaren farko, take rushewa: mai kantin haya sau da yawa ba ɗan ƙabilar ba ne, kayan ba nasu ba ne, ribar ba ta isa gare su, sunansu kaɗai ake ci da shi. Haka kuma yardar wanda talauci ya tsayar a bakin hanya da ɗansa a goye ba daidai take da yardar gwamnatin da ta tufatar da shugabannin duniya ba. Masu goyon baya sun yi gaskiya a birni, masu suka sun yi gaskiya a kan dutse.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan a babin aro da na haya, inda suka nuna cewa mai aro yana amfani da abu ne gwargwadon izinin mai shi da al'adar wurin, in kuwa ya ƙetare haddi ko ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. A kan wannan ƙa'ida nake ganin hukuncin ya tsaya: sa tufafin mutanen Biyetnam don ɗaukar hoto halal ne a asalinsa, yana ma iya zama abin yabo, amma amana ce mai sharuɗɗa. Sharaɗi na farko sani ne, domin baƙo makaho ne ko da yana da idanu, maganin makantarsa kuwa tambaya. Ya tambayi sunan rigar, da ƙabilar da ta mallake ta, da lokacin da ake sa ta, ya kuma san cewa farin ƙyalle da ake ɗaurawa a ka alamar makoki ce a wurinsu, kada ya yi ado da shi. Na biyu cikawa ce, ya sa ta yadda masu ita suke sawa, kada ya rage mata kome, kada kuma ya haɗa ta da kayan Japan ko na Sin yana cewa ai duk Asiya ce. Na uku haƙƙi ne, ya kai kuɗinsa ga telan da ya ɗinka da masaƙiyar da ta saƙa da mai hoto ɗan gari, in ya hau dutse ya sayi aikin hannun matan Hmong daga hannunsu ko da ya fi tsada, ya kuma kame daga ba yaro kuɗi don hoto. Na huɗu hurumin wuri da na mutane ne, kada ya ɗauki fuskar kowa sai da izini, kada ya tsaya inda aka hana, kada ya katse wa mai ibada ibadarsa. Na biyar gaskiya ce a wajen watsawa, ya ambaci sunan tufar da ƙasarta da wanda ya ɗinka, don yabon ya koma inda ya fito.

Matafiyi Musulmi yana da ƙarin abin lura, domin ao dai ta zamani tana bin jiki, yadinta kuma wani lokaci shara-shara ne; sai dai tsohuwar riga mai ƙyalle biyar, wadda telolin Hue har yanzu suke ɗinkawa, mai yalwa ce mai suturce jiki, tana kuma karɓar mayafi ba tare da ta rasa kyanta ba, ga shi kuwa ita ce ta fi kusa da asali. Ya kuma binciki niyyarsa, gama tsakanin adana abin tunawa da neman a gani a yaba akwai tazara wadda zuciya ta sani ko da kyamara ba ta nuna ba.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne kuwa, domin wuni guda cikin ao dai ba ya mai da kowa ɗan Biyetnam, ba ya kuma ba shi ikon yin magana da yawunsu. Amma ba a hana aro don wannan ba. Abin da aka hana shi ne mai aro ya manta cewa aro ya yi. Wanda ya cika sharuɗɗan nan ya sa rigar da zuciya ɗaya, ya amfana ya amfanar, ya koma gida da ilmi da abokai. Wanda kuwa ya ga sun yi masa nauyi, to, ya tsaya cikin tufafinsa na gida a ɗauke shi, wannan ya fi masa mutunci, ya kuma fi wa masu ƙasa alheri.